Kalmomi Ɗari Biyar

Sha ɗaya na dare a Valparaíso.
Motocin tudu sun daina hawa da sauka,
hazon teku ya shigo lungunmu ya zauna.
Ni ce, da kwamfuta, da shayin da ya huce,
da fom ɗin da ke ƙirga mini kalmomi.
Gobe ake rufewa, da agogonsu ba da namu ba.

Jami'a uku na nema:
Leiden, Edinburgh, sai ta nan Santiago,
don in hagu ta ƙiya a koma dama.
Kowacce da kuɗin fom ɗinta, kuma ba ta mayarwa.
Albashin magatakardar kotu ne,
rabinsa ya tafi tun ba a karanta sunana ba.

Na kai sakamakona an fassara,
an buga hatimi, an buga wani a kan hatimin.
Jarrabawar Turanci sau biyu na zauna,
a ta farko rabin maki ya kayar da ni.
Farfesa Undurraga ya yi alkawarin wasiƙar shaida
tun Agusta. Sau huɗu na bi shi ofis,
a na huɗun ya ɗaga tabarau ya ce, "Wace ce?"
Jiya ya aika. Ban san me ya faɗa a kaina ba.

Saura gurbi ɗaya, fari fat:
"Me ya sa kike neman digiri na biyu a fannin shari'a?
Kada ki wuce kalmomi ɗari biyar."

Na rubuta adalci, na goge.
Na rubuta kishin al'umma, na goge,
mutum dubu za su rubuta haka a daren nan.

Ta bayan bango ina jin tarin babana, Eleuterio.
Shekara talatin yana ɗaure kaya a tashar jiragen ruwa,
har ranar da igiyar ƙarfe ta tsinke
ta tafi da yatsu uku na hannun damansa.
Ina 'yar sha biyu lokacin.
Shekara tara ana shari'a.
Mai jirgin a wata ƙasa, tutar jirgin ta wata ƙasa,
kamfanin inshora can a ta uku,
kowace kotu ta ce ba huruminta ba ne.
Abin da aka ba shi a ƙarshe
ya sayi firji, ya toshe yoyon rufi, ya ƙare.

In na rubuta wannan,
kamar na kai hannun ubana kasuwa.
In na bar shi, me ya rage?

Sai ga shi ya fito shan ruwa,
kofi tsakanin babban yatsa da manuniya.
"Ximena, har yanzu?"
Na fassara masa tambayar.
Ya daɗe yana kallon fitilun jirage ta taga,
sannan ya ce, "Ki ce musu kina son sanin wace kotu ce.
Ni shekara tara na yi, ba wanda ya gaya mini."

Haka na fara, kalma da kalma yadda ya faɗa.
Sauran ya zo da kansa:
dokar teku, haƙƙin lebura,
tutar da ake saye kamar rigar gwanjo.
Ban ambaci yatsun ba.
Ɗari huɗu da tamanin da bakwai.
Sha ukun da suka rage na bar musu.

Na danna. Allo ya ce an karɓa,
a jira amsa cikin Afrilu.
Ko su ɗauke ni ba tallafi, ko su ƙi ni da ladabi,
ban sani ba.

Gobe takwas ina kotu, fayil arba'in na jirana.
A kicin famfo na zuba,
babana na ɗauraye kofinsa, da nawa.