Ban Da Ɗorawa

Shekara ashirin da bakwai ina biyan haya a Samaru,
ni mutumin Damagaram, mai koyar da Faransanci,
har yaran da na koyar suka fara kawo mini nasu.
Ran da kuɗin sallamata suka fito
na ce wa Ɗan'azumi dillali:
nemo mini inda zakara zai tashe ni, ba janareta ba.

Ya goya ni a mashin muka wuce Bomo,
kan hanyar da damina ta cinye rabinta.
Gidan ƙasa ne, ɗaki uku, zaure ya tsage a kafaɗa,
rumbu ba hula, rijiya gaba tara,
'yar gona a baya, da ɗorawa guda
wadda inuwarta ta fi gidan faɗi.
Ban duba azara ba.
Ɗorawar na tsaya kallo.

Malam Barau ya sa suna, na taya, ya ce albarka.
Na ƙara, ya ce albarka.
Sai a Laraba ta uku ya kalli ƙasa ya ce ya sallama.
Na ba da kafin alƙalami, na koma gida ina murmushi,
ashe ƙofar ciniki kawai na taɓa.

Magada bakwai ne.
Shida sun dangwala yatsa a zauren dagaci.
Na bakwai, Mantau, yana jan tirela can kudu,
wata biyu muna jiran babban yatsansa
kamar masu duban jinjirin wata.

Dagaci ya ce, kai ɗan ina ne?
Na ce, haihuwa can, furfura nan.
Ya ce, wa ya san ka?
Sai ga magatakardansa ya ɗago kai daga littafi:
ranka ya daɗe, shi ya kayar da ni jarrabawa sau biyu.
Zaure ya ɗauki dariya. Shaida ta samu.

Istifanus safiyo ya zo daga Wusasa
da igiyar awo da turakun siminti.
Maƙwabci ya ce iyaka a suri take,
Barau ya ce a gamba,
surin kuwa tun bara ruwa ya rushe shi.
Na bar kunya huɗu don a zauna lafiya.

Sai Kaduna. Sau tara na hau mota a Kwangila.
A dawo jibi. Oga ya fita. Fayil ya hau sama.
Fasfona ya rubuta sunana yadda Faransa ta koya wa alƙalami,
akawu ya rubuta Lawal yadda kunnensa ya ji,
na zama mutum biyu a kan takarda,
sai da na je kotu na rantse cewa ni ne ni.

Na biya la'ada, na biya goron shaidu,
na yaɓe zaure, na sa wa rumbu hula.
Da bazara na tare.

Kashegari da sassafe na ji motsi a bayan gida:
tsohuwa ce da doguwar gora mai ƙugiya,
jikarta na tsince 'ya'yan ɗorawa a kwando.
Na yi sallama, na ce, Gwaggo, ai na sayi wurin.
Ba ta ko sauke gorar ba.
Ta ce, ƙasa ka saya, Malam.
Itacen na uwata ne, tun kafin a haifi Barau.

Na shiga ɗaki na warware takardu.
Ga tsawo, ga faɗi, ga hatimi, ga yatsu bakwai.
Babu ɗorawa.

Na fito na ce, to inuwar fa?
Gwaggo Tasalla ta dube ni sama da ƙasa,
ta ce, wa ya taɓa sayar da inuwa? Shimfiɗa tabarmarka.

Jiya ta aiko da daddawa curi biyar a ganye.
Jikar ta ce wai in rage shara a gindin itacen,
ina tone mata saiwa.