Burodin Sha Biyar ga Wata

Garinmu yana da kogi ɗaya, gada biyu,
da ni, mai gasa burodi.
Shekara talatin da ɗaya ke nan
sha huɗu ga Yuli tana zuwa ta wuce
ina tsaye gaban tanderu.
Faransa duka tana hutu,
yis kuwa bai san hutu ba.

Tun jajibere yara kan bi layi da fitilun takarda,
shuɗi, fari, ja.
Ba a rasa wadda za ta kama wuta,
mai ita ya sa kuka har bakin gada.
Rana kan yi nawa, ta ƙi faɗuwa sai kusan goma,
kamar baƙuwar da ta ji ƙamshin girki.
Tsofaffi na jifan ƙwallon ƙarfe a dandali,
suna gardama kan tazarar da ba ta kai yatsa ba.

'Yan kwana-kwana kan fitar da jajayen motocinsu,
su share garejin ya zama filin rawa,
su ajiye ganga a ƙofa, kowa ya jefa abin da ya samu.
Ni rabona a ciki
shi ne abin da bango ya bari ya wuce:
rabin kiɗa, tafi, dariyar wata da ban gane ba.
Wasan wuta kuwa a gilashin mahaucin da ke tsallake nake ganinsa,
furen wuta na buɗewa bisa cinyar rago.

Bana sama ta haƙura har aka gama harba wutar,
sannan ta kece.
Ƙarfe biyu da kwata aka buga mini ƙofar baya.
Gaspard Lacombrade ne, rungume da akodiyonsa
kamar mai tserar da jariri daga ambaliya.
Bayansa 'yan mata uku, takalma a hannu,
magajin gari da ɗamararsa ta jiƙe ta manne,
sai Firmin Delpech,
wanda ya kashe gobara arba'in
bai taɓa iya ce mini komai ba sai "guda biyu, masu taushi."

Na ce kada wanda ya taɓa mini kwaɓi.
Gaspard ya zauna bisa buhun fulawa,
wai zai gwada ko ruwa ya shiga kayan.
Gwaji ya zarce.
In kiɗa ya biyo ka har ɗaki
ƙafa ba ta neman izini.

Firmin ya miƙo hannu.
Na nuna masa nawa, fari fat har gwiwa.
Ya ce rigar ta ga abin da ya fi gari.

Ban ƙirga zagayen da muka yi ba
tsakanin tebur da ma'auni.
Hancina, da bai taɓa cin amanata ba,
ya tafi yawo daren nan.
Sai da hayaƙi ya tsaya tsakaninmu
na tuna ina da sana'a.

Burodi sittin, baƙi ƙirin ta ƙasa.
Da safe na jera su haka nan, na rage farashi.
Gari ya shigo da jajayen idanu da muryar aro,
kowa ya saya, ya kankare da wuƙa, ya yi shiru,
ban da Clothilde Vayssière
da ta ce tun zamanin mahaifina ba ta ga irin wannan ba.
Gaskiyarta.

Wajen sha ɗaya na hango Firmin a dandali
yana naɗe tutoci masu ɗigar ruwa.
A bayan shuɗiyar rigarsa
ga tafin hannuna, yatsu biyar cif.
Mutum uku suka gaya masa.
Har na rufe shago bai kakkaɓe ba.