Ɗorin Soso

Daren jiya dusar ƙanƙara ta yi nauyi,
ledar rumfa ta tsage ta gabas,
iska ta shiga ba sallama.
Da asuba kaka Fenglan ta tashe ni:
"Douzi, riƙo fitila."

A Shouguang, tsakiyar sanyi,
soso ba shi da hurumin fure.
Mu muka rufa masa leda, muka ce bazara ce,
shi kuwa ya yarda.
Ga ƙaryarmu ta yage.

Yaɗo bakwai sun zube daga igiya,
ganye ya yi baƙi kamar dafaffe.
Matacce ta datse, ko kallo babu.
Wanda ya tsage bai rabu ba
ta haɗa bakinsa da yatsu biyu,
ta barbaɗa toka,
ta kara masa tsinken gorar da muke cin abinci,
ta naɗe da ƙyallen rigar marigayi kakana.
"Kar ka matse," in ji ta,
"ɗauri in ya yi tsauri, shi ma karaya ne."

Ɗaya ya karye sarai.
Na ce wannan sai haƙuri.
Ta kwantar da shi, ta binne gaɓa biyu.

Muka liƙe leda, muka hura gawayi.
Yatsunta sun fi karan tsagewa,
su ba ta ɗaure ba.

Kwana tara ina leƙe.
Yau wani siririn zare kore
ya kama igiya,
zagaye biyu da rabi.
Na ruga na gaya mata.
Ta ce, "Ka rufe ƙofar rumfar kuwa?"