Mai Gyaran Firji

Shekara talatin da takwas ina gyaran firji a Aboabo.
Na san sanyi ciki da bai,
na san daren da yake saɓa alkawari.

Yau ga takarda shafi goma sha huɗu daga 'yata Nasiba,
daga ƙasar da ƙanƙara ke zuba kyauta.
Wai in sa hannu.
Wai in numfashi ya ƙare kada a kai ni Tafo,
a zuƙe jinina, a ɗura wani ruwa,
a rataye ni cikin tulun ƙarfe, kai a ƙasa,
kamar jemagun Kejetia,
har likitocin da ba a haifi kakanninsu ba
su zo su tashe ni.

Na ce, in aka ɗauke wuta fa?
Ta yi dariya: Baba, tulun ba ya shan lantarki,
ƙara masa ruwan sanyi kawai ake yi.
Na ce, wa ke ƙarawa?
Ta ce, ma'aikaci.
To. Na riƙe yara a shago,
na san ma'aikaci ranar da albashi ya makara.

Na ga Maame Serwaa ta kasuwar Asafo
zaune kan kwali arba'in na kifi, hannu a ka.
Na gyara mata injin.
Ko kifi ɗaya bai koma ruwa ba.

A ce ma an dace.
A ce na buɗe ido bayan shekara ɗari biyu,
gwiwa sabuwa, haƙora sun cika.
Wa zan ce wa ina kwana?
Wa zai tuna layin da Lantana ke kwance,
ita da na raɗa wa, tafi, ina nan tafe?

Ban tambayi liman ba.
Na san amsarsa,
kuma zuciyata ba ta kai amsar tsabta ba,
don wani lungu a cikinta yana so.
Ina son ganin furfura a kan jikata Ummita,
wadda jiya ta cire haƙorin farko.

Ubana fataucin goro ya yi.
Ya lulluɓe da ganye, ya yayyafa ruwa, ya juya,
ya tsince mai tsutsa.
Rai dangin goro, in ji shi,
amma ban taɓa jin ya ce goro ba ya bushewa ba.

Sai da na kai shafi na tara na gane.
Ba shekara ɗari biyu Nasiba ke saya ba.
Wayar tsakar dare take tsoro:
a yi mini wanka da hantsi, a rufe kafin la'asar,
ita tana sama, jirgi bai sauka Accra ba.

Ban sa hannu ba. Ban yaga ba.
Na ninke ta huɗu,
na cusa ƙarƙashin ƙafar firjin da ke rawa,
ya tsaya daram.
Gobe zan kira ta in ce,
zo da azumi, tun ina da ɗumi.