Wutar Daren Ista

Shekara sha ɗaya ban ambaci sunan Stamatis ba.
A tsibirinmu na Girka, mai hanya guda da rijiya biyu,
gaba aiki ce, sai mai juriya:
in ya biyo ta bakin ruwa, in ratsa ta gonar zaitun,
in ya shiga shagon burodi, in tsaya gyaran kallabi
har sai ya fito.

Shi ya ɗauki Lambros a jirginsa,
ya sha ya yi tatul, ya ce wa hadari ƙarya kake.
Teku ta dawo mana da mai jirgi,
da ragar kifi, da takalmi ƙafa ɗaya.
Ɗana kuwa ta riƙe shi.
Ba ni da kabarin da zan share,
sai wannan shuɗin ruwa marar kunya.

Ran Alhamis na rina ƙwai ja kamar kowa.
Ran Juma'a na bi makarar furanni, muka zaga gari.
Juma'a ba ta taɓa yi mini wuya ba,
na san uwar da ta tsaya gindin gicciye,
na san inda ƙafarta ke ciwo.
Lahadi ce ta gagare ni.

Asabar da tsakar dare aka kashe fitilun coci.
Duhu, numfashi, tarin wani tsoho.
Sai Fada Gerasimos ya fito da ɗan harshen wuta,
kyandir ya ba kyandir, kyandir ya ba kyandir,
fuskoki suka riƙa tsirowa ɗaya bayan ɗaya.
Na karɓi tawa, na kāre ta da tafi
don in kai gida in zana gicciyen hayaƙi a dokin ƙofa.
Taku uku a waje, iskar teku ta hure ta.
Ita dai, ita ce kuma.

Na waiga, duk an ba ni baya,
ana rungume-rungume, ƙararrawa na tsaga sama.
Mutum ɗaya ne kusa, jingine da katanga,
inda yake tsayawa kowace shekara, ba ya shiga.
Tasa tana ci.

Da na so in ce zuciyata ta narke.
Ba haka aka yi ba. Wuta nake so.
Na miƙa kyandir ban dube shi ba,
amma hannunsa na rawa, lagwani ya ƙi kamawa,
sai da na cafke wuyan hannun na tsayar.
Ashe ƙashi ne da fata, kamar busasshen kara.
Ashe shi ma teku ba ta dawo da shi duka ba.

"Almasihu ya tashi, Efrosini," ya ce,
murya kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.
Amsar ta tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi.
Domin in gaskiya ne,
to teku ajiya kawai aka ba ta,
mai ajiya kuwa ba mai kaya ba ne, za ta fito da shi.
In za a biya ni daga can,
wane bashi nake bin wannan tsoho?

"Hakika ya tashi," na ce.

Matan da suka yi sammako zuwa kabari
suna tafe suna tunanin wa zai ture musu dutse,
suka tarar an riga an ture.
Ni ma ba ni na ture ba.
Ƙarfina bai kai ba, ban ma yi niyya ba.

Da safe fushin ya dawo,
ya zauna bakin murhu kamar tsohuwar kyanwa.
Ban kore shi ba, ban kuma zuba masa madara ba.
Wanda ya tashi ma da tabon ƙusa ya tashi.

Na zaɓi ƙwai biyu na sa a aljihu.
Da zan fita na ɗaga kai:
baƙin gicciye a dokin ƙofata, sabo fil,
kuma da wutar Stamatis na zana shi.
Na bi ta bakin ruwa.