Inda Fenti Ya Goge

A gadar Otowa, kafin rana ta fito,
kogi na tururi kamar an buɗe tukunya,
gauraki na barci a tsaye cikin ruwa.
Na kafa ƙafa-uku, na ɗora kyamara
da dogon gilashin Fumie, mai jawo nesa kusa.

Na taɓa maɓalli. Inji ya yi zuu,
ya je gaba, ya dawo baya,
ya wuce tsuntsu, ya kama reshe,
ya saki reshe, ya kama iska.
Jiya ya yi aiki lafiya lau. Shekaranjiya ya ƙi.

Na ce sanyi ne.
Na sa batir a hammata, na ɗumama shi kamar ƙwai.
Ya yi sau bakwai, ya tsaya.
Na ce hazo ne, ido ba ya kama fari a kan fari,
sai na auna baƙin wuyan tsuntsun. Ko gezau.
Na ce datti ne. Da dare, a teburin cin abinci,
na kwance shi, na sami ƙananan haƙoran zinariya
da yake magana da kyamara ta cikinsu,
na goge su da auduga da sifirit, ɗaya bayan ɗaya,
yadda na riƙa jiƙa mata leɓe a watan ƙarshe.
Da asuba ya yi. Da hantsi ya ƙi.

Na soma rubutawa a bayan takardar kuɗin wuta:
Talata, ya yi. Laraba, a'a. Alhamis, rabi da rabi.
Shekara talatin da ɗaya ina raba wasiƙu a Tsurui,
na san saƙo ba ya ɓata haka kawai,
akwai inda yake faɗuwa.

Shagon Tokuji a Kushiro na warin kananzir.
Ya ɗauka, ya auna agogon bango. Ya kama.
Ya auna kyanwa a tsallaken titi. Ya kama.
Sau ashirin, babu kuskure ko ɗaya,
irin ciwon da ke ɓuya ranar ganin likita.
Kunya ta kama ni kamar na yi wa yaro ƙage.

Ya ce, "A ina kake ɗaure ƙafa-ukun?"
Na ce, "A gindin kyamara."
Ya janye hannunsa, ya bar gilashin yana reto.
Zuu, gaba, baya, babu.
Ya tallafe shi da yatsu biyu. Cak.
"Bakin ya ci," in ji shi. "Nauyi na rinjayarsa,
haƙoran su rabu da kaurin gashi ɗaya.
Ya daɗe a haka.
Mai shi, yaya take riƙe shi?"

Ban amsa ba.
Tafin hagu a ƙarƙashi, gwiwar hannu a haƙarƙari,
numfashi a riƙe, hula ta karkace.
Ba ta taɓa yarda da ƙafa-uku ba.
Ni ina mota, ina tsiyaya shayi, ina duba agogo.
Ya juya gilashin, ya nuna mini cikinsa:
fenti ya goge, ƙarfe ya fito, daidai faɗin hannu.
Dā na ɗauka tsufa ne.

Ya ce sabon baki zai zo daga Sapporo, mako uku.
Na ce a aiko.

Washegari na bar ƙafa-uku a mota.
Na cire safar hagu, sanyi ya cije ni,
na sa tafina inda fentin ya goge.
Nawa ya fi wurin girma.
Wani gauraka ya ɗaga kai, ya yi kira,
tururin bakinsa ya tashi,
jan kansa ya fito tar, har ana ƙirga gashi.
Hannuna ya yi rawa. Kogin ya ɗan karkace a hoton.

Tokuji ya bugo waya sau biyu, wai kayan sun iso.
Na ce masa hanya ta yi ƙanƙara.