Danfon Kwali

Ruwa ya tsare mu tun azahar,
Agege ta koma tafki, an ɗauke wuta.
Mudan ya jawo kwalin taliya daga ƙarƙashin gado,
ya miƙo mini almakashi: "Baba, nan ne ƙofa."

Murafen lemo huɗu suka zama tayoyi,
tsinken tsire ya ratsa su biyu-biyu.
Garin rogo muka dama, ya zama gam.

Babu fenti a gidan.
Zulai ta jiƙa kurkum, ta shafe motar tas,
ta ja layi biyu da kwallin uwarta.

Taya ɗaya ta karkace.
Mudan ya ce haka na Oshodi suke,
ya ɗare bakin gado yana kiran fasinja,
ya kuma hana ni canjina.